Gidan Fatalwar Mahfuza

Wata biyu da zuwanmu Dubai, Mahfuza ba ta taɓa kiran ubanta Baba ba. "Umma, ki ce masa ya miƙo ruwa." Ga shi zaune kusa da ita, amma sai ta biyo ta kaina. Ban ga laifinta ba, tana goye ya baro Kano, yanzu shekararta bakwai. Shi kuwa Salmanu abin yana cin sa, ina gani, bakinsa ne dai ba zai faɗa ba.

Ƙarshen Oktoba malamarsu ta ce kowa ya gina gidan fatalwa da tayil ɗin wasan nan masu maganaɗisu, ya yi masa hanyar da ƙwallo za ta gangaro daga sama ta fito ƙasa. Wai lokacin bikinsu ne na tsorata juna. Na ce ikon Allah, abin da muke tofa addu'a a kansa a gida, a nan shi ne aikin makaranta. Yarinya ta kafe, Litinin za a kai.

Ranar Asabar da hantsi Salmanu ya tsallaka kasuwar 'yan China ya dawo da kwali guda na tayil da bututun ƙwallo. Ya baje shi a tsakar falo, falon da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Ƙarfe huɗu ana jiran sa a unguwar Al Khabaisi, akwai kwantenar da za a rufe, kuma tun azahar abokin aikinsa Sabo yake buga waya. Ya zauna, ya miƙe, ya duba agogo, ya sake zama. Mahfuza tana gefe tana yanka jemagu da baƙar takarda, tana satar kallonsa. Ni ma na kasa tsayawa wuri ɗaya, sau uku ina leƙa shinkafar da na riga na sauke.

Mijina aikinsa ke nan, loda kaya. Alfaharinsa a duniya shi ne ko kofin shayi bai taɓa fashe masa ba daga nan har Legas. To haka ya ɗauki gidan fatalwa. Hawa uku ya yi, kowane bututu ya kwantar da shi sambal, ya auna da ido, ya tokare da soso, ya naɗe da salatef. Ya manna farar fatalwa a sama, kabewa mai haƙora a ƙofa. Gini dai ko ture shi aka yi ba zai motsa ba.

Mahfuza ta saka ƙwallo. Ta tsaya cak a bututun farko.

Ta sake sakawa. Shiru. "Umma, ki ce masa bai iya ba."

Wallahi sai da na ji maganar a ƙirjina. Raina kuma ya ɓaci da shi.

"Malam, kwantena aka ce ka loda? Ka daidaita komai, ta ina za ta gangaro? Karkata shi."

"Ya za a yi in karkata abu da gangan? Zai rushe."

"To ya rushe mana."

Waya ta sake ƙara. Ina jin muryar Sabo daga inda nake: yalla, yi sauri, direba ya iso. Salmanu ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya dubi yarinyar. Sai ya durƙusa ya fara ɓare salatef, yana zare soson nan ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori. Ya ɗaga wannan gefe, ya sauke wancan. Gida ya karkace, yana ta lilo, ba kyan gani.

Ya sa ɗaya takalmin ya nufi ƙofa, bai ma yarda ya kalla ba.

Ƙwallo ta ɗauki hanya, ƙwal, ƙwal, ta wuce jemagu, ta faɗo hawa na biyu, ta fito ta bakin kabewa a guje, ta ratsa falon ta ɓace.

"Baba, ta shige ƙarƙashin firji!"

Ita ba ta ma san ta faɗa ba, ƙwallonta take nema. Shi kuwa ya saki ƙofar, ya dawo ya kwanta rub da ciki da kayan aikinsa, ya zura hannu, ya juya fuskarsa wajen bango. Waya tana ta ƙara a aljihunsa.

"Baba, ka samo?"

"Tukuna," in ji shi.

Ƙarya yake yi. Daga inda nake tsaye ina hango ta a cikin tafin hannunsa.