Jirgin Ya Riga Ni

Ƙanwata ta kira ni daga gadon asibiti, ta ce in kawo mata 'ya'yanta biyu, kuma kada su shigo mata sai suna magana da juna. Babbansu makanike ne, ƙaraminsu tela. Tun da telan ya sare bishiyar da ubansu ya dasa a tsakar gida, ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ban damu ba. Garin da take kwance wuni guda ne cur a mota, kuma doguwar hanya tana tausasa mutum. Da safe a ɗaure fuska, da rana a yi gunaguni, kafin yamma wani ya miƙa wa wani ruwa. Na tsara nasihata daidai tsawon hanyar.

Sai 'yar makaniken ta saya mana tikitin jirgin sama.

A filin jirgi na tambayi mai duba tikiti tsawon tafiyar.

"Baba, ko awa ɗaya ba za ku yi ba."

"To nisan fa, ina ya tafi?"

"Yana nan. Ta samansa za ku bi."

Na zauna a tsakiyarsu. Da muka tashi na leƙa taga ta kan kafaɗar tela, na ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashinmu kamar an farke katifar duniya. Can ƙasa ga hanyar mota siririya, da wata babbar mota tana rarrafe a kanta, abin tausayi. Na jima ina tunanin ko tsuntsaye sun san muna wuce su.

Da na tuna aikina, na gyara murya. "Lokacin da kakanku yana saurayi..."

Aka kawo ruwa, kowa da robarsa, ba mai buƙatar wani. Na ci gaba. Ban ko kai ga auren kakan ba aka ce a ɗaura bel, za mu sauka.

"Kawu, ka gama?" in ji makanike.

"Ko farawa ban yi ba."

A waje motocin haya sun yi layi, sai sheƙi suke yi. Na wuce su duka zuwa wata tsohuwa a ƙarshe, an ɗaure ƙofarta da igiya, direban yana zuba mata ruwa.

"Direba, tana mutuwa a hanya?"

Ya sosa ƙeya. "Wani lokacin, Baba."

"Ku shiga," na ce musu.

Ta mutu a gindin tudun farko. Na ce ni tsoho ne, na yi zamana a ciki. Suka fita turi, kowa ya kama gefensa. Motar ta ƙi gaba, har ta fara komawa baya.

"Kai, da hannu ɗaya ake turi? Keken ɗinki ka ɗauke ta?"

"Yaya, da kai makaniken kirki ne, ai da ba mu tura ba."

Na kira ƙanwata, na miƙa wayar ta taga don ta ji da kunnenta.