Gefen Dama na Kwale-kwalen Haya

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a bayan ƙofar ɗakinmu inda ba mai ganina balle ya aike ni. Sau uku ina yaga wannan shafi. Idan kun ga na daɗe a kan abin da bai kai ba, kamar gwangwani ko igiya, ku yi haƙuri, haka abin ya zauna mini a kai.

Kakana na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho, mai gyaran agogo ne. Amma duk ranar da ya rufe shago, tafki yake nufa da kwale-kwalensa, shi da Kaka, shekara arba'in da ɗoriya. Shi yana jefa ƙugiya, ita tana riƙe da lema tana yi masa faɗan ya cika surutu yana korar kifi, alhali ita ce mai surutun. Ina ƙarama sun sha tafiya da ni, a dunƙule a ƙasan jirgi, da littafi a cinya. Har yau idan na buɗe wannan littafin warin ruwa nake ji.

Da Kaka ta rasu, sai ya ba da kwale-kwalen kyauta, ya rufe shagon, ya dawo gidanmu, ɗakin da ke kusa da kicin. Akwatin ƙugiyoyinsa ne kawai bai bayar ba. Shekara biyu bai ambaci tafki ba. Sai wata safiya muna shan shayi ya ce yana so ya koma, ko sau ɗaya ne, ai akwai na haya.

Mama ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa yake tsokanarta da Likita. Ta lissafa masa laifuffukansa na watan: ya bar buta a kan wuta har ta ƙone, ya nemi tabarau rabin yini yana bisa goshinsa, ya kira ni da sunanta sau biyu. Mako uku suna ja. A ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi. Shi kaɗai zai shirya jirgin, ba mai taya shi ko da baki, mai haya yana kallo. Idan mai haya ya ce shiri ya yi, sai ya tafi, ni in raka shi. Idan ya ga kuskure, mu dawo gida, kuma maganar tafki ta mutu ke nan har abada.

"Na yarda, Likita," in ji shi. "Ke kuma Ido Huɗu, ki bar littafi a gida."

Ni ce Ido Huɗu, saboda gilashina. Ban bar littafin ba.

Mun isa da sanyin safiya. Wurin hayar rumfa ce ta kwano, da teburi, da rigunan ceto masu launin ruwan lemo a rataye a ƙusa, sai gadar katako da ta kutsa cikin ruwa, jirage takwas a ɗaure a jikinta suna gugar juna. Mai haya mutum ne siriri mai yin fito irin na tsuntsu kafin ya yi magana. Ya san Baba Tsoho tun zamanin da mahaifinsa ke riƙe da wurin, ya gaishe shi har da rusunawa, amma da Mama ta maimaita masa sharaɗin a gabanmu sai ya daina murmushi. Ya ba mu mai lamba bakwai, ƙarami, shuɗi, da ɗan inji a baya. Ya ce mutum biyu yake ɗauka da kayansu, ban da ko kyanwa. Ya miƙo riguna biyu.

Mama ta tsaya a kan gadar da takalminta na aiki, jaka a hammata, kamar wadda ta zo duba maras lafiya.

Da ma kun ga hannun Baba Tsoho a ranar. Bai fara da kaya ba. Ya durƙusa ya laluba toshiyar ƙasan jirgin, ya murɗa ta, ya sake murɗawa. Ya ɗaga jarkar mai ya girgiza a kusa da kunnensa, yadda yake yi wa agogo. Ya warware igiyar ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi, ya bi ta da yatsu taku-taku, ya sami wurin da ta fara cinyewa, ya nuna wa mai haya. Mai haya ya sosa ƙeya ya kawo wata. Gwangwanin kwashe ruwa kuwa sai da ya ɗaure shi da zare a ƙafar benci, wai gwangwani ya fi kifi iya tserewa.

Sannan kaya suka shiga bi da bi. Kular ƙanƙara, wadda sai da ya yi nishi kafin ya ɗaga. Jarkar ruwan sha. Akwatin ƙugiya da dalma. Gwangwanin tana da ya haƙo a bayan gidanmu, an rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Sandunan kamu biyu, a kwance, bakinsu na kallon baya. Filas, burodi, lema. Bai manta da komai ba, har da ashana a cikin leda. Na saci kallon Mama, na ga ta sauke jakar daga hammata.

Ya sa rigarsa, ya zauna a baya kusa da inji, ya ce in shigo. Sai a lokacin muka ga abin da ya faru. Jirgin ya kwanta ta hagu, sosai, har ruwa ya kusa lasar bakin katako. Duk wani abu mai nauyi, kula da jarkoki da ƙarfe, a hagu ya jera su. Gefen dama wayam.

Mai haya ya daina fito. Ya ce wa Mama a hankali, amma duk mun ji, wai ko jiya aka fara shiga ruwa an san ana raba nauyi biyu, kuma shi ba zai kwance igiya a haka ba.

Baba Tsoho ya dubi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa kula, ya taɓa jarka. Ya ce komai yana inda yake zama, jirgin ne karkatacce. Mai haya ya ce jiya ma an fita da shi. Na shiga na zauna a dama ko zan taimaka, amma ni ko iska mai ƙarfi tana iya gaba da ni. Jirgin ya ɗan motsa kamar ya yi mini dariya, ya koma yadda yake.

Ban taɓa ganin fuskar Baba Tsoho haka ba. Ba fushi ba ne. Ya yi kama da wanda ya haɗa agogo tsaf, kowane ƙarfe a mazauninsa, amma ya ƙi tafiya.

"Baba, fito mu tafi," in ji Mama, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka yi ƙoƙari."

Ya miƙa hannu zai dafa ya tashi, sai tafinsa ya sauka a kan bencin tsakiya, ta dama, kusa da ni. Ya share wurin sau biyu, yadda ake share wa mutum wurin zama. Bai ma san ya yi ba. Lemar ma a nan ya jingine ta, mariƙinta yana kallon sama.

Nan na tuna. Kaka mace ce mai jiki, Allah ya jiƙanta, idan ta zauna benci ya san an zauna. A nan take zama kullum, shekara arba'in, shi kuma yana tura duk kaya hagu don su yi daidai da ita. Bai manta komai ba. Da ita ya shirya jirgin.

Na fito kan gadar. Ni ba na iya magana a gaban mutum uku, sai na ja mayafin Mama na raɗa mata a kunne: "Wurin Kaka ne ya bari."

Ta daɗe tana kallon bencin. Mama ta gado jikin Kaka kaf, kuma duk gidanmu an san ba a faɗa. Rabonta da shiga jirgi tun kafin a haife ni. Ta cire takalmin aikin, ta ajiye su gefe da gefe a kan katako, ta miƙa wa mai haya jakarta kamar shi ne aka ɗauka don haka. Ta sa ƙafa ɗaya, ta riƙe kafaɗar Baba Tsoho, ta zauna.

Jirgin ya yi lilo sau biyu, ya tsaya cak, daidai wa daida.

Mai haya ya tsuguna ya duba ta gaba, ya duba ta baya, ya ce shi dai yanzu bai ga kuskure ba.

Baba Tsoho ya dubi ruwan ta hagu, ya dube shi ta dama, sannan ya dubi Mama daga sama har ƙasa.

"Likita, ashe kin kamo ta."

"Baba, ka cika surutu," in ji Mama, tana goge ido da bayan hannu. "Za ka kori kifi."

Ta ɗauki lemar ta buɗe, ko da yake rana ba ta yi zafi ba tukuna.

Mutum biyu jirgin yake ɗauka. Na san idan suka tuna da haka Mama za ta ce ai ni aka yi wa alkawari, ta fito, a koma jan kula da jarka. Na cire rigar ceton a hankali, na ajiye ta a bakin jirgin inda hannunta zai kai. Baba Tsoho yana jan igiyar inji, mai haya yana gaya masa yadda ake yi, shi kuma yana cewa tun kafin a yaye mai haya yake tayar da inji. Na ɗauki takalmin Mama don kada ruwa ya jiƙa su, na rungume su tare da littafina, na bi ta bayan rumfar ba tare da katako ko ɗaya ya yi ƙara ba.