Takunkumin da Eunice Ta Sauke

Talata, 14 ga Yuli, 2020. An kwana ana ruwa, da safe ya koma yayyafi, jar ƙasar Narayi ta jiƙe sharkaf — kuma Eunice ba ta jin ƙamshinta. Ta sauke gilashin mota, ta ja iska har ƙirji. Babu. Tun a gida ta shinshina sabulu, ta shinshina citta, har kananzir... babu.

Tana zaune a mota daura da asibitin da ta shekara ashirin da uku tana kashe wa mutane ciwo kafin likita ya sa wuƙa. Wasiƙa na kan cinyarta, da sunan Likita Lawal a bayan ambulan. Ga akwatin wasiƙu can jikin ƙofa, taku goma. Ƙarfe takwas maigadi, Baba Isiyaku, yake buɗe shi. Saura minti ashirin.

Daƙiƙa nawa ne ma? Biyar? Shida?

Ranar Alhamis ne. An turo wata yarinya, Ruth, daga ɗakin haihuwa, ɗa ya kwanta a gicciye, ita kuma tari, zazzaɓi, numfashi sama-sama. Gwajin korona bai fito ba, jariri kuwa ba ya jiran takarda. Lawal ya ce, "Sista, allurar baya. Kar mu kai ga bututu." Kamar ba ta sani ba. A sa mace barci, a zura mata bututu a maƙogwaro, duk abin da ke huhunta ya watsu a ɗakin tiyata, su biyar su shaƙa... kuma wannan ƙirjin, wa ya ce zai farka? Da allurar baya mace na farke, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, takunkuminta na kan hanci. Abu ɗaya ake nema a wurinta: ta zauna, ta lanƙwasa baya, kar ta motsa.

Kar ki motsa. Sau uku Eunice ta faɗa. Yarinya sai zare ido, sai karkarwa, tana neman durowa daga gado. Sai ga shi a katinta — sanƙarau tana 'yar shekara tara, kunne ya tafi. Leɓe take karantawa. To wane leɓe? Takunkumi biyu, gilashin fuska ya yi raɓa, rigar roba har ƙasa. Miji an tsare shi a waje. A nemo takarda da biro? Bugun zuciyar ɗan na sauka.

Lawal na wanke hannu, ya ba su baya. Nas na jera kayan aiki.

Eunice ta ɗaga gilashin. Ta ja takunkumin zuwa haɓa. "'Yata, dube ni. Sunkuya kamar kin rungume ƙwarya. Kar ki motsa. Ina bayanki."

Yarinya mai tarbiyya... ai ba a amsa wa babba da rufaffen baki. Ita ma ta ja nata ƙasa. "To, Mama." Sai tarin ya ƙwace mata. Ɗumi a kumatu, a leɓe.

Allura ta shiga sau ɗaya. Minti goma sha biyu, ɗa namiji ya tsala kuka. Uwarsa ba ta ji ba, ta dai ga bakin a wangame, ta yi dariya.

Ba wannan ba ne laifin. Ko gobe aka maimaita, haka za ta yi, Ubangiji ya sani. Fom ɗin da ake cikawa bayan tiyata ne. Kayan kariya sun goce a lokacin aiki? A'a. Haka ta rubuta. Asabar gwajin Ruth ya fito, cutar ce. Lawal ya tara su, kowa nesa da kowa. "Alhamdu lillahi, duk mun rufe ruf. Sista Eunice kam ko ƙuda bai ga fuskarta ba." Aka yi dariya. Ita ma ta yi.

Me ya rufe mata baki? Ita kaɗai ke yin allurar, in an killace ta mako biyu wa zai... Ƙarya. Akwai abokin aikinta da ya yi ritaya a Kamazou, waya ɗaya zai zo. Ita ce fa ta tsaya gaban allo ta koya wa kowa sa takunkumi. Ita ce ta kora wata nas gida don ta sosa hanci da safar hannu. Ita za ta ce ta sauke?

Juma'a, Asabar, Litinin. Mutum bakwai ta sunkuya a kan fuskokinsu. Tsohon nan mai asma da ya riƙe hannunta yana sa mata albarka. Jiya kuma — jiya a ɗakin hutu, kwano ɗaya da Dorcas, 'yar nas mai cikin wata shida. Har tana cewa, Sista ki ƙara nama, ba kya ci. Dorcas...

Sau biyu ta kira lambar Lawal, sau biyu ta kashe kafin ya ɗauka. Baki ba zai iya ba. Biro ya iya: abin da ta yi, abin da ta rubuta a fom, sunaye bakwai da unguwanninsu, na Dorcas a sama da jan layi. Daga yau sunanta a asibitin nan... a bar shi.

Saura minti uku. Takunkumi, safar hannu. Yayyafi a goshi. Taku goma ne, me ya sa suka yi tsawo haka? Bakin akwatin ya yi tsatsa. Ta tura. Wani ɗan sauti can ƙasa, shi ke nan, babu hannun da zai ciro ta.

"A'a, Sista, yau ba shiga?" Baba Isiyaku na tahowa da makulli, yana murmushi.

Ta ɗaga tafi, tana ja da baya. "Tsaya nan, Baba. Ka sa safar hannu kafin ka buɗe."

Ya karkato kai, ya kama kunne. "Na'am? Me kika ce?" Ya ƙara taku ɗaya.

Hannunta ya tashi da kansa, ya kai ga takunkumin... ya tsaya nan.