Kujerar Auta

Shugabar makaranta ba ta ɓoye wa iyayen Auta komai ba: in Auta ta tashi daga wurinta ko sau ɗaya a jarrabawar Litinin, sai dai a nema mata wata makarantar. Wannan ce makarantarta ta uku cikin shekara biyu.

Shekarar Auta takwas, zama wuri ɗaya ne ya gagare ta. ADHD, in ji likita. Malamar asibiti, mai koya wa yara irinta dabarun zaman aji, ta kawo mata kujera mai kumburarren gindi, mai rawa hagu da dama. A kanta Auta kan yi ta jujjuyawa, hannunta kuwa yana rubutu. Wata biyu ba a kira uwarta ofis ba.

Ranar Juma'a aka ce za a yi wa ajin fenti, sai Auta ta ɗauko kujerar a ka ta kawo gida. Uwar tana wajen jinyar yayarta. Uban kafinta ne, bai taɓa raka su asibitin ba. Yana ɗora hannu kujera ta karkata.

"Wane ɗan koyo ne ya yi wannan?"

"Haka take, Baba."

"'Yar kafinta a kan gurguwar kujera? So kike a yi mini dariya a layi?"

"Malama ce ta ce..."

"Malama ta san allura, ni na san katako. Je ki yi wasa."

Ya yanke gindin da zarto, ya goge, ya buga mata ƙafa huɗu daram, har da jan fenti.

Litinin da hantsi aka kira shi a waya. Ya tarar da matarsa a ofis riƙe da jakar tafiya, ga Malamar asibiti tsaye. Aka ce minti goma sha biyu Auta ta jure a kan kujerar a jarrabawa, sannan ta miƙe ta zaga ajin, ta ture tebur.

"Wa ya taɓa kujerar?" in ji Malamar.

"Ni na gyara ta."

"Malam, rawar nan ai ita ce maganin."

Ta juya tana roƙon Shugaba a sake wa yarinyar jarrabawa.

"Iyayen sauran yara sun gaji," in ji Shugaba. "Na riga na sa hannu a takardar kora."

Uwar ta karɓi takardar, ko kallon mijin ba ta yi ba. A bakin ƙofa Auta ta ja hannun rigarsa.

"Baba, kada ka ji haushi. Kujerarka tana da kyau. Ni ce ban iya zama ba."