Randar da Ba Ta Tsage Ba

Shekara talatin da biyar mijina Malam Habibullah ya yi yana koyarwa a sakandare. Ranar da ya yi ritaya na ce alhamdu lillahi, na samu abokin hira. Ina! Mako bai zagayo ba ya kwashe tarkacen garejinmu na Gyadi-Gyadi, ya sa mai kura ya jibge masa yumɓu, wai ginin tukwane zai yi kamar yadda ya ga kakarsa tana yi.

Na ce, "Malam, tsararka suna majalisa a ƙofar masallaci, kai kuma wasan ƙasa?"

Ya ce, "Sa'adatu, randa ɗaya tak nake so in gina da hannuna, ta fito lafiya. Daga nan na bari."

Randa ɗayar nan shekara biyu ta ci mana. Ya iya kwaɓi, ya iya gini, amma Malam ba shi da haƙuri ko na anini. Idan ya gasa randa a bayan gida da kara da kashin shanu, ba ya iya jira toka ta huce. Sai ya sa sanda yana tonawa, iska ta bugi randar da zafinta, ka ji ƙas. Kowace ta tsage sai ya jingine ta a bango, ya hana a zubar. Ni kuwa bakina bai taɓa yin shiru ba, kuma yau ina nadamar rabin abin da na faɗa.

Wata Laraba ya gasa mafi girmansu. Ya ce, "Wannan karon ki tsare ni. Ko na roƙe ki, kada ki bar ni in taɓa sai gobe da la'asar." Na ɓoye sandar a ƙarƙashin gado, ya yini yana zagaya tokar kamar kaza mai neman wajen ƙwai.

Alhamis da hantsi ya zauna a bencinsa, ya ce kansa yana juyawa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan azahar gida ya cika. Ƙaninsa Isyaku ya same ni a tsakar gida, ya durƙusa, ya kasa kallona.

"Yaya, masu haƙa a maƙabartar Tarauni sun ce a zo da tukwanen rufi. Na ce ba za a rufe shi da na wani ba, ga nasa jingine."

Na ce ya kwasa. Ai dama raba su ake yi biyu a jera a kan kabari kafin a zuba ƙasa, tsagewa ba ta hana su wannan aiki. Jim kaɗan ya dawo.

"Ƙananan ba su da faɗi, Yaya. Sai an ƙaro babba ɗaya."

Na tashi na nufi bayan gida. Tokar ta yi sanyi ƙalau. Na ture ta da hannu, na jawo randar, na juya ta ko'ina ina neman tsaga. Babu. Na ƙwanƙwasa ta da zobena, ta amsa tar, amon da ban taɓa ji a gidan nan ba. Wallahi haushinsa na ji kafin kuka ya zo. Mutumin da ya daure kwana guda cur, saura awa nawa ya kasa jira?

Isyaku ya ce, "A'a, ki bar wannan. Sai mu saya a can."

Na ce, "Bai gan ta ba, Isyaku. Ku kai masa. Ku sa ta daidai fuskarsa."

"Sai an raba ta fa."

"Na sani. Amma kada ka raba ta a gidan nan."

Ya rungume ta ya fita. Bayan motar da za ta kai tukwanen maƙabarta ya riga ya cika, ba za ta shiga yadda take ba, kuma katangarmu gajeriya ce. Na ji ƙas, ya raba ta a ƙofar gida.