Iskar Bisa

A Ceberu ta ƙasar Gwandu, ba a shuka sai an ji ta bakin Malam Jibrin. Ba duba yake yi ba, bayan gari yake fita da hantsi ya ɗaga kai. A cewarsa iska biyu ce. Ta ƙasa tana kwaso laima daga kudu maso yamma, ta bisa kuma tana koro fararen gizagizai daga gabas. In suka gamu, a ɗauko sungumi. In ta bisa ta karkace, to komai baƙin hadari, sare masa kai za ta yi ya watse.

Kafin daminar 1973, ga fari ya cinye amfanin shekarar baya, yanar ido ta kama shi. Bai gaya wa kowa ba. Tsohon akwai girman kai, kuma in aka raba shi da kallon sama me ya rage masa? Iskar ƙasa yana jin ta a jikinsa, ta bisa kuwa sai da ido.

'Yarsa Hauwa'u, wadda mijinta ya rasu a Kalgo ya bar ta da yara huɗu, ta tako har gida. Ƙwarya guda ta irin gero ta rage mata, ta rasa ko ta shuka ko ta daka wa yara. Suka fita bayan gari tare. Iska mai sanyi ta kaɗa masa riga, ƙamshin ruwa ya cika masa hanci. Ya ɗaga kai ya daɗe, ba abin da yake gani sai fari fat. Kunya ta hana shi tambayar ta abin da ta gani. Ya ce ta je ta shuka.

Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, sannan ruwa ya ɗauke kwana ashirin da shida. Kullum hadari ya haɗu sai ya baje. Tsiron ya ƙone ƙurmus. Baƙin ciki ya hana Malam Jibrin cin abinci.

Da Hauwa'u ta dawo, ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta ko ɗauko zancen gona ba. Shi ne ya kasa daurewa, ya gaya mata gaskiya.



"Baba, ai ni na ga gizagizan bisa ran nan," in ji ta a hankali. "Arewa sunka nuhwa. Na ɗauka kai ka hangi abin da ni ban hanga ba."