Ranar da Baba Ya Koma Tsohon Gareji

Auta ta fito daga wanka ta tarar da ƙofar falo a buɗe, kujerar Baba babu kowa, shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Ta leƙa bayan ƙofa, hular aikinsa ma ba ta jikin ƙusa. Tun da mantuwa ta kama tsohon, ko banɗaki sai an nuna masa hanya, ga shi yau ya shiga gari shi kaɗai.

Ta zaga layinsu kaf, daga mai wanki har mai gyaran takalmi, babu wanda ya lura da fitarsa. Sai ta nufi garejin kamfanin bas na birni, kamfanin da Baba ya ƙarar da ƙarfinsa yana yi wa tuƙi. Ya shiga aikin tun motocin kamfanin ba su taka kara sun karya ba, masu bencin katako, waɗanda sai an tura suke tashi da safe.

Shugaban direbobi yana ɗakinsa na gilashi, yana jin bayaninta ya jawo rediyon da yake magana da motocin da ke kan hanya.

"Duk wanda ya ga Baba mai hula yau, ya yi magana."

Amsa ta fara zuwa kamar ana jira. "Ai yana bakin tsohon gareji, na yi masa hon." Wani ya ce, "Ni ma na gan shi, har ya ɗaga min hannu." Wani kuma har da dariyarsa: "Tsohon nan da sauransa, yana tsaye ƙyam!"

"Duk kun gan shi," in ji Auta, "aka rasa mai tsayawa?"

Shugaban ya sosa ƙeya. Direbobin kamfanin dai haka suka gada: in ka hangi ɗan'uwa da hular aiki, ka danna hon, ya ɗaga hannu, kowa ya kama gabansa. Hular suka gaisar, ba su dubi mutumin da ke ƙarƙashinta ba.

Dogo, wanda Baba ne ya koya masa tuƙi, shi ma yanzu duk furfura, ya ɗauki Auta a wata bas da aka gama wankewa. Tsohon garejin an daɗe da tashinsa, wurin ya zama kantin sayar da katifu. Ginshiƙin ƙofar kaɗai ya rage, kuma a jikinsa Baba yake tsaye, rana na dukansa, ƙafafunsa na ɓari.

Auta ta dira tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ta riƙe hannunsa tana hawaye.

"Baba, zo mu tafi gida."

Ya fizge. "Ke yarinya, ina bakin aiki. Mai karɓata bai zo ba."

Ta yi lallashi, ta yi magiya, har ta ɗan ja shi, tsohon nan ya kafe. Tsoro ya sake kama ta, don ta ga kiris ya rage ya faɗi. Dogo ya yi mata alama ta matsa. Ya san dokar da Baba ya tashi a cikinta: direba ba ya barin wurinsa sai na gaba ya zo ya karɓa, baki da baki. Ya gyara hularsa, ya matso da sauri kamar mai laifi.

"Maigida, a yi haƙuri, na makara. Na zo karɓa."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai dai ba ka rabo da latti. Birkin yana ja hagu, ka bi ta a hankali a gangaren asibiti."

"To, Maigida. Na karɓa."

Kafaɗun tsohon suka sauka. Auta ta saki wata ajiyar zuciya da ta riƙe tun safe, ta ji jikinta ya yi sakayau. Baba ya juyo, ya ƙura mata ido, fuskarsa ta washe.

"Auta? Me kike yi cikin ranar nan? Mu je gida, yau na gaji."